Labarin Zuciya A Tambayi Fuska? Tsokaci Kan Na'ura Da Mutuncin Masu Larurar Otizim

Gabatarwa

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Karin magana ne da ya daɗe yana yi mana aiki a gida da kasuwa da fada, domin kuwa da kallo ɗaya uwa kan gane ɗanta ya yi ɓarna, mai saye kuma ya gane cewa mai kaya ya kusa sallamawa. Sai dai akwai wasu bayin Allah da wannan karin magana bai yi wa adalci ba. Fuskarsu ba ta ba da labarin zuciyarsu ta hanyar da muka saba karantawa, su ma kuma ba sa samun labarin namu zukatan daga fuskokinmu cikin sauƙi. Waɗannan su ne masu larurar da likitoci ke kira otizim.

A 'yan shekarun nan injiniyoyi sun shigo cikin wannan fage da ƙarfinsu. An ƙera kyamarar da ke bin ƙwayar idon jariri, da mutum-mutumin da ke wasa da yara, da abin ɗaurawa a hannu mai auna tashin hankali, da allon kwamfuta mai magana a madadin wanda bakinsa ba ya furuci. Tambayar da wannan maƙala take son yin tsokaci a kanta ita ce: shin wa waɗannan na'urori suke yi wa hidima? Yaron ne ake son a fahimta, ko kuwa mu ne muke neman a lanƙwasa mana shi har ya daina damunmu? Amsar wannan tambaya ita ce za ta raba tsakanin fasahar da ke ɗaukaka mutuncin ɗan Adam da wadda ke tauye shi.

Larurar Da Tarihinta

Kalmar otizim ta samo asali ne daga harshen Girka, daga wata kalma mai nufin "kai", wato mutum shi kaɗai da kansa. A shekarar 1943 wani likitan yara a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore ta Amurka, mai suna Leo Kanner, ya bayyana halin yara 11 da ya duba. Ya lura cewa ba su cika neman cuɗanya da mutane ba, maganarsu ta bambanta da ta tsararsu, sannan suna tsananin son abubuwa su zauna yadda suka saba. Shekara guda bayan haka Hans Asperger ya rubuta makamancin wannan a ƙasar Ostiriya. A 1979 kuma Lorna Wing da Judith Gould suka yi bincike a birnin Landan wanda ya nuna cewa larurar hawa-hawa ce: akwai wanda ba ya magana sam, kuma yana buƙatar mai kula da shi dare da rana, akwai kuma wanda zai yi karatu har ya zama shehun malami. Wasu kan kira larurar da sunan galahanga, amma kalmar nan ta tattara larurori da dama waɗanda ba iri ɗaya ba ne.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙiyasin cewa yaro 1 cikin 100 ne ke da larurar. A Amurka, inda ake ƙidaya a kai a kai, an sami yaro 1 cikin 150 a shekarar 2000, amma a 2022 adadin ya kai 1 cikin 31. Yawancin masana na ganin babban ɓangaren wannan ƙari ya zo ne daga faɗaɗa ma'anar larurar da kuma ƙwarewa wajen gano ta.

Kafin mu ɗora fasaha a kan sikeli, ya kamata mu faɗi alherin da awo da lissafi suka riga suka yi. Shekaru da dama a ƙasashen Turawa ana ɗora laifin larurar nan a kan iyaye mata, wai sanyin zuciyarsu ne ya sa 'ya'yan suka janye jiki. Bruno Bettelheim ya ƙara yaɗa wannan ra'ayi a wani littafinsa na 1967. Abin da ya wanke waɗannan mata shi ne bincike. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka nazarci tagwaye 21 a Ingila, suka nuna cewa gado na da babban hannu a cikin al'amarin. Wani bincike na 2019 da ya haɗa ƙasashe 5 ya ƙiyasta rabon gado da kusan kashi 80 cikin 100. Haka nan lokacin da Andrew Wakefield ya alaƙanta larurar da allurar rigakafin ƙyanda a 1998, lissafi ne ya ƙaryata shi: mujallar da ta buga aikin ta janye shi a 2010, sannan wani bincike a ƙasar Danmak kan yara fiye da 650,000 bai sami wata alaƙa ba. Mu da a ƙasarmu har yanzu akan kira irin wannan yaro ɗan ruwa, ko a ce aljanu ne suka shafe shi, ko a zargi uwarsa da sakaci, mun fi kowa buƙatar wannan wankewa.

Abin Da Na'ura Ta Iya

A 2013 Warren Jones da Ami Klin, masu bincike a birnin Atlanta, suka buga sakamakon wani aiki mai ban mamaki. Sun riƙa nuna wa jarirai hotuna masu motsi, kyamara kuma tana bin inda idonsu ke sauka. Jariran da daga baya aka gano suna da otizim sun fara rayuwa suna kallon idon mutane kamar kowa, amma tsakanin wata 2 zuwa wata 6 sai kallon ya riƙa raguwa. Daga wannan aiki aka ƙera wata na'ura wadda Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2022 domin taimaka wa likita wajen tantance yara 'yan wata 16 zuwa 30. Amfanin wannan a fili yake, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da aka gane halinsa da wuri zai sami taimakon magana da wuri, iyayensa kuma su huta da yawon neman magani inda babu shi.

Akwai kuma abin ɗaurawa a wuyan hannu mai kama da agogo, wanda ke auna bugun zuciya da gumin fata da motsin jiki. Rosalind Picard ta cibiyar fasaha ta MIT na cikin waɗanda suka share fagen wannan aiki. Yaron da ba ya magana zai iya zama shiru alhali cikinsa na tafasa saboda ƙara ko haske ko wani ciwo, har sai abin ya fi ƙarfinsa ya fashe da duka ko cizon kansa. A 2019 Matthew Goodwin da abokan aikinsa suka gwada irin wannan ma'auni a kan matasa 20, suka ga ana iya hango fashewar minti guda kafin ta auku. Minti guda ya isa a kashe rediyo, ko a fitar da yaro daga cikin hayaniya.

A Jami'ar Hertfordshire ta Ingila kuwa, tun 2005 aka ƙera wani mutum-mutumi mai girman ƙaramin yaro, ana kiransa Kaspar. An sauƙaƙa fuskarsa da gangan, saboda fuskar mutum tana sauyawa da sauri, tasa kuwa tana yin abu guda a lokaci guda, ba ta gajiya, ba ta fushi. Da shi yaro kan koyi karɓa-karɓa a wasa da bambance taɓawa mai daɗi da mai ciwo. Sama da duka waɗannan akwai allon magana. Tun 1985 Andy Bondy da Lori Frost suka tsara hanyar da yaro zai miƙa katin hoto domin ya nemi abin da yake so. Daga 2009 aka sami manhajoji irin su Proloquo2Go, inda yaro zai taɓa hoton ruwa wayar ta ce "ruwa". Duk wanda ya taɓa ganin wanda ƙishirwa ta dama, amma ya rasa yadda zai faɗa, ya san wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce.

Inda Gizo Ke Saƙar

To, amma fa wuƙar da ke yanka nama ita ce ke yanka yatsa. Misalai biyu sun ishe mu hujja.

Na farko shi ne na wata cibiya mai suna Judge Rotenberg a jihar Massachusetts ta Amurka. A can an ƙera wata na'ura da ake ɗaura wa mutum a jiki, wayoyinta manne da hannu da ƙafa, ma'aikaci kuma yana riƙe da maɓalli. Idan mutumin ya aikata abin da aka hana, sai a danna, lantarki ya ja shi. Masu kare wannan hanya, har da wasu iyaye, sun ce ita ce ta hana 'ya'yansu illata kansu. Amma a 2013 wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya mai bincike kan azabtarwa ya soki wannan aiki a matsayin keta haddi. Hukumar magunguna ta Amurka ta haramta na'urar a 2020, wata kotu ta soke haramcin a 2021, hukumar kuma ta sake gabatar da ƙudurin haramtawa a 2024. Ya kai mai karatu, ka lura cewa wannan na'ura da agogon da muka ambata a baya matsala ɗaya suke fuskanta, wato yaro mai dukan kansa. Agogon yana neman dalilin dukan ne domin a kawar da shi. Na'urar lantarkin kuwa ba ruwanta da dalili, buƙatarta kawai jiki ya yi shiru. Idan haƙori ne ke yi wa yaron ciwo, lantarki zai koya masa ya ɓoye ciwon, haƙorin kuma ya ci gaba da ruɓewa.

Misali na biyu ya fi wuyar ganewa, domin da kyakkyawar niyya aka fara shi. A wajajen 1990 wata hanya ta bazu a Amurka, bayan ta faro daga Ostireliya, inda mataimaki zai riƙe hannun yaron da ba ya magana yana tallafa masa a kan allon rubutu. Sai ga yara suna rubuta dogayen jimloli, har da waƙoƙi. Iyaye suka yi kukan murna. Da aka zo gwaji, sai aka nuna wa yaro hoto guda, aka nuna wa mataimakin wani hoton daban ba tare da ya sani ba. Abin da aka rubuta sai ya riƙa zama abin da mataimakin ya gani. Mataimakan ba ƙarya suke yi da gangan ba, hannunsu ne ke jan na yaron ba su ankara ba. A 1994 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana cewa hanyar ba ta da tushe a kimiyya. Kafin nan an riga an tuhumi wasu iyaye da munanan laifuka bisa ga rubutun da ba 'ya'yansu ne suka yi ba. A nan an ba yaro murya, amma muryar ta wani ce. Ashe ke nan sanya wa mutum magana a baki zalunci ne daidai da toshe masa bakin.

Ma'aunin Wa?

Kowace na'urar awo tana ɗauke da wani ma'auni a cikinta, wato abin da maƙeranta suka ɗauka shi ne daidai. A ƙasashen da aka ƙera waɗannan kayayyaki, kallon mutum ido cikin ido alama ce ta gaskiya da natsuwa, har akan shafe sa'o'i ana horar da yaro mai otizim ya kalli idon malaminsa. A wurin Bahaushe kuwa yaron da ya zuba wa babba ido shi ne mai tsaurin ido, mai ladabi shi ne wanda ya sunkuyar da kai. Haka nan matar da ke alkunyar ɗan fari ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa wasa a gaban mutane. Baƙon da ya zo da takardar tambayoyi daga wata ƙasa zai iya fassara wannan kunya da rashin ƙauna, ya sake maimaita kuskuren Bettelheim. Wannan ba ya nufin larurar ba ta nan a cikinmu, ko kuwa awon jarirai banza ne. Abin da yake nufi shi ne na'urar da aka horar da fuskokin wata al'umma sai an sake gwada ta kafin a yanke hukunci da ita a kan wata. Yana kuma tuna mana cewa wani abin da ake kira magani, koyar da al'adar masu rinjaye ne kawai.

A 2012 wani masani ɗan Ingila, Damian Milton, wanda shi kansa yana da otizim, ya kawo hujjar cewa rashin fahimtar nan ta fuska biyu ce: kamar yadda mai otizim ke kasa karanta mu, haka mu ma muke kasa karanta shi. A 2020 Catherine Crompton da abokan aikinta a Jami'ar Edinbara suka gwada wannan da mutum 72. An jera su takwas-takwas, ana ba na farko labari ya isar wa na biyu, har zuwa na ƙarshe. Jerin masu otizim zalla ya riƙe labarin kamar yadda jerin marasa ita zalla ya riƙe. Inda labarin ya fi zubewa shi ne jerin da aka cakuɗa. Mu da muke karatu da aiki a tsakiyar masu wasu harsuna mun san wannan hali sarai. Idan Bahaushe ya tsuguna ya gai da dattijo, Bayarabe kuma ya kwanta, ba wanda za a ce ba shi da lafiya a cikinsu. Tafinta ake nema. Mafificiyar na'ura ita ce wadda ta tsaya a matsayin tafinta, tana kai saƙo tana kawowa.

Hujjar Iyaye

Wani zai ce: wannan duk zancen masu hutu ne. Je ka gaya wa uwar da ɗanta ya kai shekara 15 bai taɓa kiranta "Inna" ba, ba ya barci, yana fita titi ba ya tsoron mota, cewa ɗanta bambanci kawai gare shi. Ita magani take nema, kuma tana kwana da tunanin wanda zai riƙe shi bayan ranta. Wannan hujja ce mai nauyi, wanda duk ya raina ta bai san zafin abin ba. Amsarta ita ce a rarrabe tsakanin abin da ke wahalar da yaron da abin da ke ba mu kunya a gaban baƙi. Farfaɗiya, wadda ta fi yawa a tsakanin masu otizim, wahala ce. Rashin barci da ciwon ciki da dukan kai da rashin hanyar faɗin buƙata duk wahala ne, kuma wajibi ne kimiyya ta yaƙe su da duk abin da ta mallaka. Amma kaɗa hannu, ko jijjiga jiki, ko kau da ido, sau da yawa su ne hanyar da yaron ke kwantar wa kansa hankali. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai mai tanƙwarar da bai san iccen ba karya shi zai yi.

To wa zai nuna mana iyakar? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Temple Grandin, wadda aka haifa a 1947, tana da otizim, kuma tun tana ƙarama rungumar mutane ke firgita ta duk da tana son matsin. A gonar wata gwaggonta a Arizona ta ga yadda shanu ke natsuwa idan aka sa su cikin wani matsattsen keji domin yi musu allura. Tana 'yar shekara 18 ta ƙera wa kanta makamancinsa, wanda ita da hannunta take ƙara matsin ko ta rage. Daga baya ta zama farfesa a fannin kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado, tsare-tsarenta kuma suka shiga mayankan shanu masu yawa. Sirrin na'urarta shi ne linzamin na hannun mai amfani da ita.

Inda aka manta da mai ɗaki kuwa, aiki kan rushe. A watan Agustan 2021 masana a Jami'ar Kambirij suka ƙaddamar da shirin Spectrum 10K domin tattara ƙwayoyin gado na masu otizim 10,000. Masu larurar da yawa suka tayar da ƙayar baya, suna tsoron kada wata rana a yi amfani da bayanan wajen gano irinsu tun a ciki domin a zubar. Masanan sun ce ba manufarsu ke nan ba, amma cikin 'yan makonni aka dakatar da shirin, a farkon 2025 kuma aka rufe shi. Amana ce ba a gina ba tun farko.

Batun Adalci

Saura tambaya guda: wa zai samu? Tun 1978 Victor Lotter ya duba yara fiye da 1,300 masu larurar ƙwaƙwalwa a ƙasashen Afirka 6, har da Nijeriya, ya kuma tarar da otizim a cikinsu. Ayyukan likitoci irin su Muideen Bakare na Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Inugu sun nuna cewa a nahiyarmu akan makara ƙwarai kafin a gano larurar. Mutum-mutumin da kuɗinsa ya fi albashin malamin firamare na shekara, kuma yana buƙatar wutar da ba ta tsayawa, ba zai kai ga yaron ƙauye ba. Allon da ke magana da Ingilishi kaɗai zai sa yaro ya nemi "ruwa" da harshen da kakarsa ba ta ji. Gwanintar injiniya ta gaskiya ita ce ƙera abin da ya dace da wuri. Katin hoton tuwo da buta da tabarma fasaha ce. Shirin horar da iyaye da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, wanda aka gwada a Habasha da Kenya, shi ma fasaha ce, kuma ba ya buƙatar janareta. A Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa masu naƙasa bambanci a Nijeriya, amma doka ba ta koyar da yaro magana, sai an sami masu aiki.

Kammalawa

Yaro na farko a cikin 11 na Kanner shi ne Donald Triplett, ɗan wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Mississippi. Yana ɗan shekara 3 aka kai shi gidan ajiye yara, bayan shekara guda iyayensa suka ɗauko abinsu. Ya yi karatu har ya gama kwaleji, ya yi aiki a banki shekaru masu yawa, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Gaskiya ne iyayensa masu hali ne, amma babu kyamarar ido ko mutum-mutumi a zamanin ƙuruciyarsa. Abin da ya samu shi ne garin da ya karɓe shi a matsayin nasa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

A 1974 Kirk-Greene ya lissafa siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, daga cikinsu akwai gaskiya da amana da haƙuri da mutunci da adalci. Da waɗannan ya kamata a auna kowace na'ura da aka kawo wa mai otizim. A tambaya: muryarsa take fitarwa ko ta wani? Wahalarsa take ragewa ko tamu? Talaka zai iya samunta? Mu kuma ɗaliban harshe muna da rabonmu a wannan aiki. Mu ne za mu samar wa larurar suna na Hausa wanda ba zagi ba, mu fassara takardun tantancewa yadda za su san kunya da alkunya, mu kuma naɗi muryoyin Hausa na yara da manya domin allon magana, yadda ranar da yaron nan zai taɓa hoton mahaifiyarsa, abin da za ta ji shi ne "Inna". Allah Ya sa mu dace, amin.